Ɗaya Bisa Talatin da Biyar

Da rana agogo nake gyarawa a Taminus.
Da dare, in sanyin Jos ya kora kowa ɗaka,
sai in jawo fitila, in ɗauki hantsaki,
in tafi hamadar Masar, shekara ta arba'in da biyu.

Tankar tawa ba ta cika tafin hannu biyu ba.
Ɗaya bisa talatin da biyar, in ji awo:
a raba ƙarfe, a raba igwa, a raba tudun rairayi.
Tsoron mutum biyar da ke ciki fa, da me za a raba shi?

Wata uku ina bin launi ɗaya.
Hotunan duk baƙi da fari ne,
ƙasa toka, sama toka, hayaƙi toka mai kauri.
Gyang mai tsofaffin littattafai ya tono mini biyu
daga gindin kwali. Gara ta riga ni zuwa,
ta cinye taswirar daidai inda aka gwabza.
Wannan ya ce fentin ruwan ƙasa ne,
wancan ya ce da ratsin baƙi a haƙarƙari.
Kowa ya dage a kan tasa.
Cikinsu ba wanda ya je.

Na ƙirga haƙoran sarƙa da bakin allura,
na ɓata, na sake.
Na san inda ake rataya jarkar ruwa,
na san ta ƙofar da direba ke fita in wuta ta kama,
in ƙofar ta yarda.

Rairayi daga gaɓar Dilimi na ɗebo,
na tankaɗe sau uku da rariyar Ladidi.
Ta ce, in an gama yaƙin, a wanke mata kayanta.

Daren Talata eriya ta karye.
Na ɗora ɗigon kuza a bakin ƙarfe mai zafi,
sai warin ya tashi ya tsaya mini a maƙogwaro,
warin da na sani tun ban san kaina ba.
Kakana ne ya shigo, bai yi sallama ba.

Tanko sunansa. Dubi wasan sunaye!
Daga wani ƙauyen Zazzau aka ɗebo su a jere,
aka zube su a ramin kuza bayan Bukur,
bargo ɗaya, kwano ɗaya, sanyi na kowa.
Har ya rasu akwai fili a tsakar kansa
inda gammo ya hana gashi komawa.
Bai taɓa ganin tankar yaƙi ba, ko a takarda.
Abin da yake cewa kawai:
yaƙin nan ya ci tuwonmu bai san gidanmu ba.

Na koma littattafan Gyang, shafi bayan shafi.
Akwai sunan janar, akwai sunan karensa,
akwai nauyin harsashi, da ƙarfe nawa rana ta faɗi.
Ko kuzar da Tanko ya ɗauka ta isa hamadar?
Ko ita ta liƙe waya, ko murfin gwangwanin nama?
Allahu a'alamu. Littafi bai ce ba,
ni kuma ba zan yi masa ƙage ba.

Sojoji biyar suka zo cikin kwalin, na roba.
Na fere na shida da guntun katakon akwati,
tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba.
Murfin bayan wani mataccen agogo ya zama kwano.
Ƙafa ba takalmi. Fentin ƙasar kwanon bai ba ni wuya ba:
jar ƙasar Bukur tana nan a tsagar dunduniyata.

Da asuba Cindo ya fito, yana rawar ɗari,
ya leƙa tebur, ya ce, Baba, wannan ɓata ya yi?
Na ce matsa fitilar.
Gam bai bushe ba tukuna,
sai na riƙe kakana tsakanin yatsu biyu
har ladan ya gama kira.